Harajin Sauya Sunan Mai Gida ko Fili: Abin da Doka ta Ɗora Mana da Abin da ba ta Ɗora ba

Jawabin da Sakataren Ƙungiya ya gabatar a taron magidanta na wata-wata a Agege, Jihar Legas



Mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, limamanmu, dattawan unguwa, shugabannin kasuwa, iyayenmu mata da ke zaune a wancan ɓangare, da sauran 'yan'uwa magidanta, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma gode muku da kuka bar sana'o'inku kuka amsa wannan kira.

Kwamiti ne ya umarce ni da in yi bayani yau a kan kuɗaɗen da gwamnati take karɓa idan gida ko fili zai tashi daga sunan wani ya koma sunan wani. Dalili kuwa shi ne, a cikin ƙorafe-ƙorafen da ake kawowa ofishin ƙungiya, in aka cire rigimar haya, babu wanda ya kai na gida da fili yawa, kuma kusan duk labarin iri ɗaya ne. Mutum ya biya kuɗinsa cif, an ba shi rasit, an yi shaidu, an shafa fatiha, ya shiga gida ya zauna shekara 15 ko 20, ya haifi 'ya'ya har ya aurar, amma a littafin gwamnati har gobe sunan wanda ya sayar masa ne a rubuce. In ka tambaye shi me ya hana shi ƙarasa takardu, wani ya ce, "Sakatare, kuɗin Alausa sun yi yawa." Wani kuma ya ce, "Ai mu baƙi ne, ko mun je ba za a ba mu ba."

Bari in fara da magana ta biyu, domin ita ce ta fi yi mana illa. Sashe na 43 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin ya saya ya kuma mallaki gida ko fili a ko'ina a cikin ƙasar nan. Sashe na 42 kuma ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko garin da ya fito. Saboda haka babu wani ma'aunin haraji na Bahaushe dabam, na Bayarabe dabam. Abin da ɗan Ikorodu zai biya a kan gida, shi ɗan Bichi ko ɗan Illela zai biya a kan irin wannan gida. Duk wanda ya ce muku akwai wani "kuɗin baƙi" da ake ƙarawa, ku ce ya nuna muku a rubuce da hatimin gwamnati. Ba zai nuna ba. Wannan tsoro ne ya sa waɗansu daga cikinmu suke sayen gida da sunan abokin ciniki ɗan gari, wai don a samu sauƙi. Yau amana tana nan, amma gobe in abokin ya rasu, 'ya'yansa ba su san da wata amana ba, abin da suka sani shi ne sunan ubansu ne a takarda. Ko da ma suna da kirki sun yarda su mayar maka, sai ka biya harajin sauya suna daga farko, kamar sabon ciniki.

To, me ya kawo gwamnati cikin cinikin da mutum biyu suka yi da yardar junansu? Asalin abin Dokar Amfani da Ƙasa ce, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa a watan Maris na 1978. Wannan doka ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Abin da kai da ni muke da shi a kan fili shi ne haƙƙin zama da amfani, kuma takardar da ake kira satifiket, wadda yawanci take ɗaukar shekara 99, shaida ce ta wannan haƙƙi. Sashe na 22 na dokar ya ce mai wannan haƙƙi ba zai sayar da shi, ko ya jinginar, ko ya miƙa wa wani ba sai da amincewar Gwamna. Sashe na 26 kuma ya ce duk cinikin da aka yi ba bisa ƙa'idar dokar ba, banza ne. Kada wani ya ɗauka dokar Legas ce kawai. Ita ce take aiki a Kano da Sakkwato da Katsina. Abin da ya sa ba mu saba da ita ba, a gida mun tashi mun ga ana cinikin fili a gaban mai unguwa ko dagaci, a rubuta 'yar takarda, a ba da la'ada, kuma da yake kowa ya san kowa, ba kasafai ake musu ba. Wannan sabo muka ɗauko muka zo da shi garin da fili ya fi zinariya tsada, inda maƙwabcinka na bara ba shi ne na bana ba.

Domin ku san ba wasa a cikin maganar, a 1989 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Bankin Savannah da wani mai suna Ajilo. An jinginar wa banki gida a nan Legas an karɓi bashi, ba a nemi amincewar Gwamna ba. Da bashi ya gagara biya, banki ya tashi sayar da gida, sai mai gida ya garzaya kotu ya ce ai jinginar ba ta inganta ba tun farko. Kotu ta ce haka dokar ta ce. Banki ne fa, da lauyoyinsa da komai, ya faɗi a kan wannan gaɓa. Daga baya, a 1995, kotun ta ƙara fayyace cewa ba laifi ba ne a yi yarjejeniya a sa hannu kafin a nemi amincewa, sai dai cinikin yana nan a rataye, bai kammala ba sai ranar da aka amince.

Ga yadda abin yake tafiya a Jihar Legas. Bayan an daidaita farashi, lauya zai rubuta takardar miƙa mallaka, wadda a ofis za ku ji ana ce mata did. Ita ce take bayyana wane ne mai sayarwa, ta ina ya samu gidan, wane ne mai saye, nawa aka biya, kuma ana haɗa ta da zanen safiyo mai nuna iyakoki. Rasit ba did ba ne. Takardar yarjejeniya da ejan ya buga a shagon kwamfuta ita ma ba did ba ce. Daga nan sai a cike fom ɗin neman amincewa, wanda ake kira Fom 1C, mai saye da mai sayarwa duk su sa hannu, a haɗa da kwafin takardar asali ta mai sayarwa, da hotuna, da shaidar biyan haraji, a kai Hukumar Filaye da ke Alausa a Ikeja. Akwai ƙananan kuɗi na fom da na duba taswira da ake biya a wannan mataki. Duba taswirar nan yana da muhimmanci, domin a nan ne ake gane ko filin yana cikin wanda gwamnati ta riga ta karɓe domin wani aiki. In yana ciki, ba za a amince ba ko nawa ka biya mai sayarwa. Shi ya sa mai hankali yake zuwa ofishin babban safiyo na jiha ya bincika tun kafin kuɗi su bar aljihunsa.

In komai ya yi daidai, sai a ba ka takardar ƙiyasi, wadda ta lissafa manyan kuɗi guda 4: kuɗin amincewar Gwamna, harajin kan sarki, harajin ribar kadara, da kuɗin rajista. Kafin 2015 jimlarsu ta kai kashi 13 cikin 100 na darajar gida, kuma gaskiya a wancan lokaci wanda ya ce kuɗin sun yi yawa bai yi ƙarya ba. A watan Janairu na 2015 Gwamna Babatunde Fashola ya sa hannu a wani umarni da ya sauko da su zuwa kashi 3. Kuɗin amincewa ya sauko daga kashi 6 zuwa 1.5, harajin riba daga 2 zuwa 0.5, kan sarki daga 2 zuwa 0.5, rajista daga 3 zuwa 0.5. Da yawa daga cikin dattawanmu har yanzu tsohon lissafin ne a kansu, sun ji shi shekara da shekaru daga bakin wani, suka haƙura, ba su sake tambaya ba.

Mu yi lissafi a kan ma'aunin nan na 2015 domin a fahimta. A ce gwamnati ta ƙiyasta gidanka a kan Naira miliyan 30. Kuɗin amincewa Naira 450,000. Sauran ukun kowanne Naira 150,000. Jimla Naira 900,000. A tsohon ma'auni na kashi 13, wannan gida sai an biya Naira miliyan 3 da dubu 900. Na san Naira 900,000 ba ƙaramin kuɗi ba ne ga ɗan tireda ko direba. Amma wanda ya iya haɗa miliyan 30, ina ganin bai kamata ya bar su a rataye saboda abin da bai kai miliyan ɗaya ba.

Ku lura na ce "gwamnati ta ƙiyasta". Nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Ba a kan kuɗin da ka rubuta a did kaɗai ake lissafi ba. Jihar Legas tana da littafin ƙima na unguwanni, wanda ya tsayar da darajar fili a kowane yanki, kuma da shi ake auna gidanka. Ana sabunta littafin nan lokaci-lokaci, kuma duk wanda ya zauna a Legas ya san farashin fili ba ya komawa baya. Ma'ana, gidan da ka saya a 2008 in ka kai takardunsa yau, da ƙimar yau za a auna shi, ba da ta 2008 ba. Jinkiri ba ya rage ko kwabo, ƙari yake yi.

Wannan ya kawo ni kan wata dabara da ejan-ejan suke koya wa mutanenmu, wai a rage farashi a takarda domin haraji ya yi sauƙi. An sayi gida miliyan 20, a rubuta miliyan 8. Na farko dai ƙarya ce a takardar da ka sa wa hannu, kuma laifi ne a doka. Na biyu, ba ta da amfani, tunda gwamnati da nata ma'auni take aiki. Na uku, in ciniki ya lalace aka je kotu neman a mayar maka da kuɗinka, da wane baki za ka nemi miliyan 20 alhali hannunka yana kan takardar da ta ce 8? Na huɗu kuma sai ranar da kai ma ka tashi sayarwa. A ce ka sayar miliyan 35. Ribarka ta gaskiya miliyan 15 ce, amma a takarda miliyan 27 ce. Ka jawo wa kanka haraji a kan miliyan 12 da ba ka taɓa ci ba.

Yanzu bari in ɗan tsaya a kan harajin nan biyu, na kan sarki da na riba, domin su asalinsu dokokin tarayya ne, kuma an taɓa su kwanan nan. Harajin kan sarki tsohon abu ne, dokarsa tun ta 1939 ce, zamanin Turawa, lokacin da ake manna kan sarki na gaske a jikin takarda. Haraji ne a kan ita takardar, kuma mai saye ne yake biya. Doka ta ba da kwana 30 daga ranar sa hannu a kai takarda a buga mata hatimi, in an wuce akwai tara. Takardar da ba a buga wa hatimi ba tana gamuwa da cikas ranar da aka so gabatar da ita shaida a kotu, wato ranar da ka fi bukatarta. In cinikin tsakanin mutum da mutum ne, hukumar haraji ta jiha ce take karɓa. In akwai kamfani a ciki, kamar masu sayen fili daga kamfanonin gidaje, ta tarayya ce take karɓa.

Harajin ribar kadara kuwa an kafa shi a 1967, kuma a tsohuwar dokar tarayya ma'auninsa kashi 10 ne na ribar da mai sayarwa ya samu. A ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji, aka tsayar da 1 ga Janairu 2026 ranar fara aikinsu. Sabuwar dokar ta shafe tsohuwar dokar kan sarki da ta ribar kadara, ta haɗe su a cikinta. A ƙarƙashinta, ribar da mutum ya samu a sayar da gida ko fili ana haɗa ta da sauran abin da ya samu a shekara, a auna da ma'aunin harajin kuɗin shiga, wanda Naira 800,000 na farko babu haraji a kansu, sannan ya riƙa hawa daga kashi 15 har zuwa kashi 25 ga masu samu mai yawa. An yi rangwame ga wanda ya sayar da gidan da shi kansa yake zaune a ciki, amma ba rangwamen da za a riƙa maimaitawa ba ne, kuma bai shafi gidan haya ko filin da aka saya domin a jira ya yi tsada ba. Sannan babu harajin VAT a kan sayar da fili ko gida, duk wanda ya sa muku shi a lissafi ku tambaye shi dalili. Saboda waɗannan canje-canje, kada kowa ya tsara kasafinsa da lissafin da maƙwabcinsa ya biya shekara 5 da suka wuce. Abin da za ka biya shi ne abin da aka rubuta a takardar ƙiyasin da ofis ya ba ka da sunanka.

Abin da nake so ku riƙe game da harajin riba shi ne, a doka nauyin mai sayarwa ne, tunda shi ya ci riba. Amma a aikace, mai sayarwa ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba, kai mai saye kai ne kake zarya a Alausa, sai ka ga ka biya nasa ka biya naka domin takardarka ta fito. Maganin wannan tun a wurin ciniki ake yinsa. A faɗa a fili wa zai biya me, lauya ya rubuta. Kuma shawarata, kada a biya kuɗi duka sai mai sayarwa ya sa hannu a did da Fom 1C, ya ba da hotunansa da shaidar harajinsa da kwafin takardunsa na asali. A riƙe wani abu a hannu. Mutumin da yake jiran cikon kuɗinsa yana ɗaga waya. Wanda ya riga ya karɓe duka, sai ka neme shi da fitila. Haka kuma masu gini, ku adana rasit na siminti da rodi da kwano da kuɗin lauya da na safiyo, domin ranar sayarwa ana cire abin da ka kashe wajen saye da inganta gida kafin a san riba.

Shaidar biyan haraji da na ambata ita ce take korar 'yan kasuwarmu da yawa daga bakin ƙofa. Ofis yana so ya ga ka biya harajin kuɗin shiga na shekara 3 da suka wuce. Ma'aikaci ana cire nasa daga albashi, ba shi da matsala. Amma mai sayar da shanu a Oko-Oba ko mai tumatir a Mile 12 sai ya ce, "Ai kullum ina yankan tikiti." Tikitin kasuwa da kuɗin ƙaramar hukuma da kuɗin ƙungiyar 'yan kasuwa ba su ne harajin kuɗin shiga ba. Wannan sai ka je ofishin hukumar haraji ta jiha mafi kusa da kai, a buɗe maka lamba, a ƙiyasta maka gwargwadon sana'arka, ka biya a banki. Na san kalmar haraji ba ta da daɗin ji a kunnenmu. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda ake shanya mutum a rana a kan haraji da jangali, har gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su a 1979 aka yi ta murna. Amma wancan kuɗin kai ne da ake karɓa ko kana da shi ko ba ka da shi. Wannan kuwa takarda ce da za ta yi maka aiki a wurare da yawa, ba a maganar gida kaɗai ba.

Bayan an biya, sai a sa hannun amincewa a jikin did, a buga hatimi, a kai rajista a ba ta lamba da shafi da kundi. Ba sabon satifiket za a ba ka ba in gidan yana da shi tun da. Did ɗinka mai ɗauke da amincewa da lambar rajista ita ce shaidarka, kuma ragowar shekarun satifiket na farko ka gada. In kuwa filin iyali ne wanda bai taɓa samun satifiket ko wata takarda mai rajista ba, hanyarsa dabam ce, neman satifiket za ka yi, kuma ka tabbata shugaban iyalin da manyan gidan duk sun sa hannu, domin filin iyali a ƙasar Yarbawa ɗa guda ba ya sayar da shi.

Wani zai ce, to ni da nake cikin gidana shekara 20 da rasit, ba ni da komai ke nan? Kana da wani abu. Kotuna sun yarda cewa wanda ya biya kuɗi kuma ya shiga ya zauna yana da haƙƙin da za a kare, musamman a kan wanda ya sayar masa. Amma haƙƙi ne mai rauni. Banki ba zai karɓi gidan jingina ba. In fili ne da babu kowa a ciki, mai shi ya sake sayar wa wani wanda bai san da kai ba, shi kuma ya riga ka zuwa rajista, shi kotu za ta fi saurara. In gwamnati ta karɓi wurin domin hanya ko layin dogo, sashe na 28 da na 29 na dokar 1978 sun yi tanadin diyya a kan gini, amma tambayar farko da za a yi ita ce wa ke da takarda. Akwai kuma abin da dattawan da ke nan suka gani da idonsu. A rikicin Shagamu na 1999 da na Idi-Araba na 2002, gidaje sun ƙone, mutane sun fita da kayan jikinsu. Allah ya kiyaye gaba. Wanda shaidarsa rasit ne a ƙarƙashin katifa, wuta ta cinye shaidar tare da katifar. Wanda ya yi rajista kuwa, kwafin takardarsa yana ajiye a Alausa, ko daga Kano ya aiko lauya za a ba shi kwafi mai hatimi. A wurina, mu da muke zaune nesa da garuruwanmu, wannan kaɗai ya isa dalili.

Jinkiri yana da wata illar kuma. Kwanakin baya an kawo mana maganar wani gida da ya bi hannu uku. Mai satifiket ya sayar wa wani, wannan ya sayar wa wani ɗan'uwanmu, shi kuma ya rasu ya bar wa mata biyu da 'ya'ya, kuma duk a cikinsu babu wanda ya taɓa neman amincewa. Da magada suka tashi sayarwa domin a raba gado, mai saye ya zo da lauyansa, lauya ya bincika ya ga sunan mutumin farko ne a rajista, shi kuma ya daɗe da mutuwa. Sai da aka nemo 'ya'yansa, aka jira suka karɓo takardar izinin kula da gado daga kotu, aka biya kuɗin amincewa na cinikin da aka tsallake, sannan aka zo kan na yanzu. Mai sayen farko ya gaji ya tafi. Wanda ya zo daga baya ya san a matse suke, ya taya yadda ya ga dama. Marayu ne suka biya bashin da iyaye suka ƙi biya, har da riba.

Tunda na taɓo gado, iyayenmu mata ku saurara da kyau. Rabon da malamai suka yi ya fayyace haƙƙin kowa a tsakaninku, amma bai canza suna a littafin gwamnati ba. Nijeriya ba ta da harajin gado a yau, wanda aka kafa a 1979 an soke shi a 1996, amma akwai kuɗin da sashen gado na Babbar Kotu yake karɓa gwargwadon dukiyar mamaci kafin ya ba da takardar izini, kuma sai da ita magada za su iya sayarwa ko su mayar da gida sunansu. Haka kuma kyauta. In maigida ya ce ya ba ki gida, ko ya ba ɗansa, a rubuta did na kyauta, a nemi amincewa, a buga hatimi, a yi rajista tun yana da rai. Ke kuma da kika tara kuɗinki da sana'arki kika sayi fili, babu dokar da ta ce sai da sunan miji ko na wa. Sa sunanki.

Akwai kuɗaɗen da ba haraji ba ne, kada a cakuɗa muku. La'adar ejan da kuɗin lauya da na safiyo haƙƙin aikinsu ne, a daidaita tun farko. Kuɗin da 'yan omonile suke zuwa nema, na harsashi, na dakin, na rufi, na shigo da yashi, ba ya cikin kowace doka. Hasali ma dokar kare kadarori da Gwamna Akinwunmi Ambode ya sa wa hannu a 2016 ta mai da wannan laifi mai tara ko ɗauri. Sai kuma harajin shekara-shekara na gidaje, wanda Legas ta fara a 2001. Shi ba na sauya suna ba ne, amma bashinsa yana bin gida, saboda haka kafin ka saya ka ce a nuna maka rasit na shekarun baya. Kuma duk kuɗin gwamnati a asusun gwamnati ake biyansa ta banki, rasit ya fito da sunanka. Kada ka danƙa wa kowa tsabar kuɗi a ƙarƙashin bishiya a Alausa don ya ce ya san wani a ciki.

'Yan'uwanmu da suka sayi filaye a Sango-Ota da Mowe da Ibafo da Shagamu, ku tuna kun tsallaka Jihar Ogun ko da kuwa a Legas kuke kasuwa. Takardunku Abeokuta za su je, ofishin filaye na jihar, kuma ma'auninsu nasu ne. Na Sabo da Ojoo a Ibadan, sakatariyar Agodi. Masu gida a Festac da sauran filayen tarayya, ba Gwamna ne zai amince muku ba, hukumomin tarayya ne.

Kwamiti ya yanke shawarar a fara da ƙidaya. Duk mai gida ko fili, ko nasa ko na marayun da ke hannunsa, ya kawo kwafin duk takardar da yake da ita ofishin ƙungiya ranar Lahadi bayan la'asar. Kwafi na ce, kada a kawo na asali. Za mu ware su kashi-kashi, masu did da ba a kai Alausa ba, masu rasit kawai, da na gado, sannan lauyan da kwamiti ya yi magana da shi ya zauna da kowane rukuni ya faɗa musu abin da ya rage da abin da zai ci. Waɗanda masu sayar musu suna nan da rai, da su za a fara, tun ana iya samun sa hannunsu. Wanda karatun boko ya yi masa wuya ya zo da ɗansa, ko ya same mu a ajin dare, za a karanta masa takardarsa layi-layi. Mata kuma shugabar mata za ta karɓi nasu ranar Asabar a gidanta.

Mai girma Sarki, iyakar abin da aka ba ni ke nan. In akwai tambaya, sai a ɗaga hannu ɗaya bayan ɗaya.